Goron da Kaka Ta Aika Zugu

Da zan koma makaranta bayan hutuna na farko, kowa a gidanmu ya sallame ni da abin da ake sallamar ɗalibi: wannan garin kunu, wancan ƙuli-ƙuli, wani kuma addu'a zalla. Kakata kuwa, mahaifiyar babana, aiki ta ba ni. Ta kira ni ɗakinta, ta janyo wani ƙunshi daga ƙarƙashin gado, an naɗe shi da ganyen fita, an sake rufawa da jiƙaƙƙen algarara. Ƙwarya guda ce ta farin goro, manya-manya, ita da kanta ta aika aka zaɓo mata a kasuwar Gusau.

"Angona," in ji ta, don haka take kirana tun ina rarrafe, "an ce ƙasar da kake karatu, a can Zugu take."

Na ce ni a Parakou nake, ban san wani Zugu ba. Sai da muka yi ta lalube kafin na gane Djougou take nufi, tafiyar 'yan awoyi daga inda nake.

Labarin na sha jin gutsurensa, amma ranar ta ba ni shi cikakke. Mahaifinta falke ne, yana kai kanwa da fatu ta hanyar Gwanja ya dawo da goro. Tana 'yar ƙarama ya tafi bai dawo ba. Abokin tafiyarsa ne ya kawo sandarsa da labari: ciwo ya kama shi a Zugu, ya yi jinya a gidan mai masaukinsa, ya cika a nan. Mutanen gidan suka yi masa wanka, suka sa shi a likkafaninsu, suka binne shi. Mahaifiyarta na cikin kuka ba ta tambayi sunan gidan ba. Kafin ta fita takaba hankalinta ya dawo, abokin tafiyar ya sake ɗaukar hanya, shi ma ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba.

"Mutane su wanke maka uba, ka yi shekara da shekaru ba ka ce musu sannu ba?" in ji Kaka. "Ni da wane ido zan dube shi in na same shi? Ka je fada. Fada ta san kowane gida. Ka nemo mini gidan nan, ka ba su goron nan hannu da hannu, ka ce 'yarsa ta gode."

Na ce mata ta ɗauka an gama. A raina aikin rabin yini ne.

A Parakou ina haya a unguwar Albarika, a gidan wani tsohon ɗan kasuwa da kakanninsa suka zo daga arewa suka zauna tun kafin a haifi babansa. Baba muke ce masa. Hausarsa ras, sai dai ba ya iya jimla biyu bai tsoma Faransanci ba. Ban gaya masa komai a kan goron ba, don ban ga abin faɗa ba. Na ajiye ƙunshin a bayan randa, ina yayyafa masa ruwa kamar yadda Kaka ta nuna mini.

Sai ga sa'a ta faɗo. Ƙungiyarmu ta ɗalibai baƙi ta shirya fita yawon ganin tsohuwar fadar Djougou. Ni da ban taɓa zuwa taronsu ba, ni na fara sa suna. Ranar tafiya kowa da jakar kayan kwalliya da abin ɗaukar hoto, ni kuwa da goro a bayana, har wata 'yar Chadi da ke zaune kusa da ni ta tambaya ko ɗaurin aure za ni.

Gaskiya da na ga fadar sai da jikina ya ɗan yi sanyi. Na zo da wani ƙaton gini a kaina, sai na tarar da gajeruwar katanga, da zaure, da ɗakunan ƙasa da aka yi wa ƙari da siminti da kwano, ga wata babbar bishiya da dattawa ke zaune a inuwarta. Muka tuɓe takalma. Mai yi mana jagora ya dinga zuba Faransanci kamar ana korarsa: ga inda ayari ke sauka, ga inda ake kawo gaisuwa, ga tsoffin ganguna. Ina tsintar ɗaya ina zubar da uku. Da ya ambaci fataken goro sai na ce a raina ta ƙofar nan mutumin ya taɓa wucewa. Abokaina kuwa sun jeru jikin bango suna ta karkace baki a gaban waya.

Na zame na nufi ƙofa ta biyu, wadda ake shiga ciki. Wani dattijo na zaune a bakinta a kan buzu, yana jan carbi. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da wata Hausa irin ta Kaka, har na ji kamar na zo gida. Na ce ina da magana da fada.

"Madalla," in ji shi. "Baƙon wa kake?"

"Ni ɗalibi ne, Baba. Daga Parakou muka zo."

"Na ga ɗalibi ne. Na ce baƙon wa kake?"

"Tare da makaranta nake."

"Makaranta ba ta da zaure a garin nan, ɗana."

Sannan ya yi mini bayani a tsanake. Kallo na kowa ne, ga shi ma muna yi. Amma magana, tun zamanin ayari baƙo ba ya kai kansa fada. Mai masaukinsa ke kawo shi, ya tsaya masa, ya ce wannan nawa ne, na san inda ya kwana, in ya yi ɓarna a tambaye ni. Sai na ba shi labarin Kaka tun daga farko. Ya saurara har ƙarshe, yana kaɗa kai, ya yi wa mamacin addu'a. Na ce to, a taimaka a shigar da ni in tambayi gidan.

"Ka samo mai masauki ya kawo ka."

"Baba, ai mai masaukin nake nema!"

"To ka same shi, ku zo tare."

"In na same shi, me kuma zan zo yi nan?"

Ya yi murmushi. Wallahi murmushin nan ya fi zagi ƙona mini rai. Na kwance jaka na miƙa masa ƙunshin, na ce to shi ya karɓa ya isar. Ya janye hannunsa ya ɓoye a cikin riga, ya ce in ya karɓa, daga hannun wa zai ce ya fito? Can waje direbanmu ya fara danna oda. Na saɓa gorona na fita, ko takalmi ban tsaya ɗaurawa ba. A kasuwa aka saya mana wasa-wasa, wani dambun garin doya, kowa na santi, ni nawa a leda ya koma Parakou.

Asabar ta gaba na koma ni kaɗai, don taurin kaina ya motsa. Na ce ba sai da fada ba, ai baki gare ni. Na shiga tsohuwar unguwar 'yan kasuwa ina bin zaure-zaure. Duk inda na yi sallama sai a kawo ruwa, a saurare ni, a ce Allah ya jiƙansa. Kowane gida kuma sai ya ce ai kakanninsu sun sauki fatake, Kanawa da Katsinawa da Zamfarawa, wa zai iya ƙirgawa? Daga nan sai a tambaye ni wa ya turo ni. In na ce ba kowa, sai maganar ta koma kan zafin rana da tsadar doya. Na sha ruwa har cikina ya ƙulle, ban samo ko sunan kare ba.

Da yamma Baba ya gan ni na shigo kamar an yi mini duka. Na zazzage masa komai.

"Bon," in ji shi, "ai da ka faɗa mini tun farko. Muna da gida a Djougou. Tun kakanni, in namu ya je can wurinsu yake sauka, in nasu ya zo nan wurinmu. Kai kuma a gidana kake kwana, to nawa ne kai. Mai gidan can shi zai kai ka."

Farin ciki ya kama ni. Na ce Baba kira shi yanzu, ga wayata da kati a ciki. Ya dube ni kamar na ce ya yi rawa a masallaci.

"A waya? In kira dattijo a waya in ce ya ɗauki baƙo ya kai fada? Sai ka ce odar siminti? Non, non. Baki ake aikawa."

Bakin da za a aika kuwa ba kowane baki ba. Akwai wani direba da ya yarda da shi, mai zuwa Djougou ranar kasuwa. Makon farko motarsa na gareji. Da ta fito ya je, aka ce mai gidan ya tafi ta'aziyya wani gari. Da ya dawo ya karɓi saƙon, ya aiko cewa ya ji, zai nemi rana a fada. Ita ma amsar tasa da baki ta zo, ta bakin wata mai sayar da cukun da suke kira wagashi, wadda ta kwana biyu a wurin 'yarta kafin ta tuna. Mutanen nan fa kowannensu da waya a aljihu. Na sha ganin Baba yana ciniki da Cotonou a kanta, yana ihu kamar zai fasa ta. Amma a kan maganata, wayar ta zama abin kunya.

Ana cikin haka bazara ta shigo da ƙarfinta. Goro kuwa ba ya jiran kowa. Kullum da safe kafin in hau zemijan, wato acaɓar garin, zuwa aji, sai na kwance ƙunshin na duba. Ganyen fitan ya bushe na sauya da na ayaba, algararan na jiƙa shi safe da yamma. Duk da haka sai in tarar wani ya yi sankara, in cire in jefar kada ya shafi sauran. Wani ya yanƙwane, wani ya yi baƙi a gefe. Ƙunshin da na zo da shi da hannu biyu ya koma ina ɗaga shi da hannu ɗaya. Duk goron da na jefar sai in ji kamar na ci amanarta.

Kowace Juma'a ƙanwata kan kira ni ta kara wa Kaka wayar a kunne. Da farko da tsokana take farawa, wai ko na samu wata a can ne na manta da ita. Daga baya tsokanar ta ragu, sai tambayar kawai: "Ka kai?" In ce ana kan hanya. Wata Juma'ar ƙanwata ta fita tsakar gida ta rage murya, ta ce Kaka ta daina fitowa shan hantsi, a zaune take salla, abinci sai an lallaɓa. Ta ce, "Yaya, in za ka kai, ka kai."

Ranar na sami Baba a ƙofar shagonsa yana shan shayi. Ban san na ɗaga murya ba sai da na ga maƙwabta na waiwaye. Na ce wace irin al'ada ce wannan da za ta bar tsohuwa ta mutu da abu a ranta saboda ba a so a danna lamba? Na ce, "Baba, in ta mutu fa?"

Ya ajiye kofin a hankali. "In ta mutu, goron nata ne har yanzu. Sai mu kai."

Na juya na tafi, don in na tsaya zan faɗi abin da ba a faɗa wa sa'an kaka. Na rufe ɗaki ban ci abincin dare ba. Har yau ina ganin ba ni ne mai rashin gaskiya a maganar nan ba.

Washegari bayan asuba aka buga mini ƙofa. Baba ne, cikin babbar riga da hula, ya rataya carbi. Mutumin da ba ya barin shagonsa ko ranar Salla sai bayan azahar. Ya ce, "Ɗauko goronka. Tunda aike ya gaza, ni ne aiken."

A tasha aka cusa mu cikin tasi, mu biyu a kujerar gaba. A Onklou direba ya tsaya lodin doya, ya yi ta ɗaure-ɗaure a saman mota kamar ba mai sauri a duniya. Baba ya ce in nuna masa goron. Da ya leƙa sai ya yamutsa fuska.

"Wannan za ka kai fada? A garin goro? In mun isa mu sayi sabo a kasuwa, wa zai sani?"

Na ce wannan ne ta taɓa da hannunta, shi zan kai.

"Dakor, na yarda," in ji shi. "Amma kunyar taka ce."

Mai masaukin namu wani dogon tsoho ne mai ƙarancin magana. Shi da Baba suka shafe lokaci suna gaisuwa, suna tambayar mutanen da rabinsu sun mutu. Ina ta satar kallon rana. Da aka ci sakwara aka wanke hannu na miƙe na ce to mu je. Sai tsohon ya ce sai gobe. Ba zai tsaya a fada ya ce ni baƙonsa ne ba alhali ban kwana ƙarƙashin rufinsa ba, don in aka tambaye shi ba zai yi ƙarya ba. Fadar nan daga ƙofar gidansa ina hango bishiyarta. Na koma na zauna.

Da hantsi muka isa. Dattijon nan na nan a kan buzunsa kamar ba a taɓa ɗaga shi ba. Ya gane ni sarai, amma sai da ya sake tambaya.

"Baƙon wa kake?"

"Nawa ne," in ji mai masaukin.

Shi ke nan fa. Ya matsar da ƙafarsa muka wuce. Kalma biyun nan na yi wata da watanni ina nema.

A zauren ciki dattawan fada ne zaune a jere. Na durƙusa a bayan Baba, Baba a bayan mai masauki. Maganar ma ba kai tsaye ba: ni in faɗa wa Baba, Baba ya faɗa wa mai masauki, shi kuma ya juya ta da Dendanci, harshen garin, ga dattawan, waɗanda na tabbata sun ji Hausata tun daga bakina. Na faɗi sunan mamacin da na ubansa da garinsu. Aka tambayi abin da yake fatauci, da ko yana da tsage a fuska, da wanda ke jan ayarinsu. Wasu na sani, wasu ban sani ba. Suka shiga shawara a tsakaninsu, wannan ya ambaci wani gida, wancan ya girgiza kai. Aka aika a kira wani tsoho da aka ce ya fi kowa sanin gidajen baƙi, ya zo yana dogara sanda, ya saurara, shi ma ya girgiza kai.

Amsar ta biyo hanyar da tambayar ta bi, har ta iso kaina ta bakin Baba: ba a sani ba. Fatake da yawa sun kwanta a garin nan ba su tashi ba, waɗanda suka wanke su kuma sun bi su.

Idona ya kawo ruwa, kuma ba na tausayi ba ne, na takaici ne. Duk jiran nan, duk aiken nan, don a ce mini ba a sani ba? Da an bar ni na shiga ranar farko, da na ji wannan tun goron na da ruwansa. Na fara tattara ƙunshina.

Sai babbansu ya miƙo hannu. Mai masauki ya karɓa daga Baba ya kai masa. Ya kwance ganyen a gaban kowa, ga goro nan a yanƙwane, bai kai rabin yadda aka ba ni ba. Na sunkuyar da kai. Ya yi wata tambaya, mai masauki ya ba shi amsa mai tsawo, na ji ya ambaci Gusau. Tsohon ya juya goro ɗaya a tafinsa. Sannan ya yi magana, wannan karon da Hausa, kuma ni ya kalla.

"Ba mu san gidan ba, amma mun san gidajen da suka sauki fatake, ba wanda ya ɓace mana. Za a raba goron nan gida-gida. In bai kai ba a ɓara shi, in bai kai ba a sake ɓarawa. Duk ƙofar da aka shiga a ce, 'yar wani baƙo da iyayenku suka binne ta ce ta gode. Dole ya shiga gidan da aka aiko shi."

Ya ɓara wanda ke hannunsa, ya gutsura, ya tauna. Na san ɗacin tsohon goro, amma fuskarsa ba ta motsa ba. Aka shafa fatiha.

Ba zan ce na fito da farin ciki ba. Ni ƙofa ɗaya na so, da fuska ɗaya, in ɗauki hoto in kai mata ta gani. A gindin bishiyar nan na tsaya na kira ƙanwata, na ce ta kai wa Kaka wayar ko barci take.

"Ka kai?"

"Na kai, Kaka."

"Wane gida ne?"

Na gaya mata yadda aka yi, ban rage komai ba. Ina jin numfashinta, ina jin kaji a tsakar gidanmu.

"Sun ci?"

"Sun ci. A gabana babbansu ya ci."

"Bai bushe ba?"

"Ya bushe, Kaka."

"Kuma ya ci." Sai ta ƙara da cewa, "Ni fa sunan gidan na so, in riƙa sa shi a addu'a kafin in tafi. Yanzu ka ja mini, sai in yi wa garin duka. Kai dai angon nan ba ka iya aike ba, aiki ka ƙaro mini."

Ta yi dariya, dariyar ta zama tari, ƙanwata ta karɓe wayar. Baba na can gefe yana kiran direba a waya ya ajiye mana kujerar gaba, ba ni ma da ƙarfin yi masa magana a kan haka.

Kaka ba ta kai hutuna na gaba ba. Ƙanwata, wadda ke kwana a ɗakinta, ta ce har ranar ƙarshe in ta idar da salla a zaune, bayan ta gama da iyayenta da mu, sai ta ɗaga hannu ta ce, "Da mutanen Zugu, ya Allah, gida-gida. Kai ka san wanne ne."